Takardar shaidar rasuwa tana hannun yayanmu: ni ma zan iya neman kwafi?

Ummu_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya ce da ni ga masana doka da duk wanda irin wannan ta taɓa bi ta kansa. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa yana cikin aikin gwamnati, ya bar mata biyu. Babban yayanmu, ɗan ɗakin uwargida, shi ya karɓo takardar shaidar rasuwa, kuma tun ranar ba wanda ya sake sa ta a ido. In an tambaya sai ya ce tana wurin ajiya. Mamarmu ta fita takaba, muna so mu ji inda maganar fansho ta kwana, amma duk inda muka je sai a ce mu kawo takardar. Ni a matsayina na 'yarsa zan iya zuwa in nemi wani kwafin da kaina? Ko wanda ya fara karɓa shi kaɗai ke da iko? Ba rigima nake nema ba, sani nake so in yi.

Hajiyar_Gwammaja:
Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Ɗan_Fagge:
Allah ya jiƙan Baba. Ƙanwata ki koma asibitin da ya rasu kawai, ki nemi ofishin da ake ajiye fayil, za su sake rubuta miki wata. Ba wani abu ba ne.

Nas_Mairo:
Ɗan_Fagge, takardu biyu ka haɗa wuri ɗaya. Wadda likita ke sa wa hannu ita ce ke faɗin abin da ya yi ajalin mutum, da rana da lokaci. Ita ake ɗauka a kai wa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, su shigar da rasuwar cikin rajista, sannan su ba da tasu takardar. Bankuna da kamfanonin fansho galibi ta NPC suke nema, wasu su nemi duka biyun. Kuma mu a asibiti ba ma buɗe fayil ɗin mamaci ga duk wanda ya shigo ya ce shi ɗa ne, don akwai sirrin cuta a ciki. Sai ka rubuta takarda ga shugaban asibiti ka nuna ko kai wane ne. Ummu_Hanifa, ki fara gano wacce ce ma a hannun yayan naku.

Ummu_Hanifa:
Anti Mairo a gida ya cika, ba a asibiti ba. Da asuba ya rasu, kafin azahar an kai shi. Wadda Yaya ya karɓo ta NPC ce, na ga tambarin ranar da ya kawo ta.

Barista_Ƙarami:
To abin ya zo da sauƙi. Takardar da ke hannunsa ba ita ce asalin shaidar ba. Asalin yana cikin rajistar hukuma, ita wannan daga can aka ciro ta. Ko ya ƙona ta yau, rasuwar mahaifinku na nan a rubuce. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Najeriya ita ce doka mai lamba 69 ta 1992, kuma NPC ta ɗora wa aikin. Rajistar da jami'in gwamnati ke riƙe da ita takardar hukuma ce. Sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce jami'in da ke riƙe da irin wannan takarda, in mai nema na da haƙƙin duba ta, zai ba shi kwafi bayan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. A jikin kwafin za a rubuta cewa ya yi daidai da na asali, a sa kwanan wata, da sunan jami'in da muƙaminsa, a buga hatimi in ofishin na amfani da hatimi. Shi ne muke kira CTC, kuma kotu na karɓarsa a matsayin hujja.

Zuwa da wuri ba ya mallaka wa mutum rajista. Yayanku mai kai labarin rasuwa ne, shi ke nan. Ke 'ya ce kamar yadda shi ɗa ne, mahaifiyarku kuma matar aure ce kamar mahaifiyarsa. Ki rubuta takardar nema, ki haɗa da katin NIN ɗinki da duk abin da ke nuna ke 'yarsa ce, musamman takardar haihuwarki mai ɗauke da sunansa. Ki je ofishin da aka yi rajistar, kada ki je wani daban.

Tsohon_Akawu:
Barista ya faɗi doka, ni bari in faɗi abin da ke faruwa a kan tebur, don na daɗe ina riƙe da littattafan rajista kafin in yi ritaya. Wanda ke zaune a kujerar nan tsoro biyu ne da shi. Yana tsoron ya hana mai haƙƙi, yana kuma tsoron ya ba ɓarawo. Shi ya sa za ki ji yana ta tambaya: ke wace ce a wurinsa, me za ki yi da ita, ina ta farkon take. Kada ki ce ta ɓata. Mutane da yawa suna zuwa kotu su yi rantsuwa cewa takarda ta ɓata alhali sun san a akwatin wa take, don suna ganin hanyar ta fi sauri. Rantsuwar ƙarya ce, kuma ranar da rigimar gado ta kai gaban alƙali da ita za a kama ki. Ki faɗi gaskiya: tana hannun ɗan'uwanki, ke kuma kina buƙatar naki kwafin. Sannan 'yata, ki tafi da cikakken sunansa yadda aka rubuta, da ranar rasuwa, da ranar da aka yi rajistar in kin sani. In kin taɓa ɗaukar hoton takardar a waya, lambar da ke jikinta za ta rage miki zirga-zirga ƙwarai. Neman suna ɗaya cikin littattafan da ƙura ta cinye ba wasa ba ne, balle irin sunayenmu da za ka sami Musa Ibrahim goma a shafi ɗaya.

Abu_Sadiq:
Ni dai ina ganin tun ba a je ko'ina ba an fara maganar lauya da hukuma. Ina baffanninku? A samu babba ɗaya ya kira shi ya ce Malam fito da takarda a yi hoto kowane ɗaki ya riƙe. Wannan ba ta kai ta ofis ba. In kika tsallake shi kika je kika karɓo taki, gobe a ce 'yar amarya ta raina na gaba da ita.

Zee_Kaduna:
Abu_Sadiq kullum haka ake ce wa mata, a bari manya su yi magana, har shekara ta zagayo manyan ba su yi ba. Kuma hoton da kake faɗa wa zai karɓa? Ni da mijina ya rasu na kai fotokwafi wani banki, ma'aikaciyar ko kallo na biyu ba ta yi masa ba, ta turo min shi ta ƙarƙashin gilashi ta ce na asali ko mai hatimi. Na fito da yarinya a baya ina kuka a bakin titi. Ummu_Hanifa ki sanar da baffanku don ladabi, amma ki nemi taki.

Abu_Sadiq:
Hajiya Zee ban ce kada ta nema ba. Na ce a fara da gida. Allah ya jiƙan maigidan.

Mai_Lissafi:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ne zai kwantar wa Ummu_Hanifa hankali. Takardar rasuwa ita kaɗai ba ta fitar da ko sisi daga asusun fansho. In mamaci yana cikin tsarin fansho na adashi da hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ke kula da shi, kamfanin da ke riƙe da asusunsa zai nemi ko dai wasiyya da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci wadda sashen gado na Babbar Kotun jiha ke bayarwa. Wannan ta biyun ce mai nauyi, ita ya kamata ku sa wa ido. Sunan wa da wa aka sa a ciki? An sa wani daga ɗakinku? Sannan kada ku manta da inshorar rai. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba su ma san da wannan kuɗin ba. Amma ki tabbatar ko ma'aikacin tarayya ne ko na jiha, don jihohi da dama suna da nasu tsarin daban.

Ɗan_Fagge:
To ai in shi ne aka rubuta a next of kin magana ta ƙare, shi za a ba.

Barista_Ƙarami:
Ba ta ƙare ba. Wanda aka rubuta a gurbin nan shi ne wanda za a fara nema in wani abu ya faru. Bai zama mai dukiya ba, bai kuma shafe sauran magada ba. Ga Musulmi rabon yana nan yadda shari'a ta tsara: tunda akwai 'ya'ya, matan biyu su raba tumuni a tsakaninsu, in iyayen mamaci na raye su ɗauki nasu, saura na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Abin da aka rubuta a fom ɗin ma'aikata ba ya canza wannan.

Bahaushiya_a_Leeds:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke ɗaukar takardar nan kamar wani sirri. A nan Ingila kowa na iya neman kwafin takardar haihuwa ko aure ko mutuwar kowa. Ka shiga shafin babban ofishin rajista, ka ba da bayanan, ka biya, a aiko maka ta gidan waya. Ba a tambayarka ko kai ɗa ne ko maƙwabci. Tun 1837 suke wannan rajistar, shi ya sa za ka ga tsohuwa ta zauna tana bin tarihin kakanninta har hawa biyar. A jikin takardar ma an rubuta gargaɗi cewa ba ita ce shaidar ko kai wane ne ba. Da haka tsarinmu yake, da yayan Ummu_Hanifa bai sami abin riƙewa ba.

Injiniya_Houston:
Anti, wannan tsarin Ingila ne, kada a ɗauka duk Turawa haka suke. A Amurka kowace jiha da dokarta. A nan Texas takardar haihuwa a rufe take sai ta shekara 75, ta mutuwa kuma sai ta shekara 25. Kafin nan sai mai ita ko dangi na kusa, kamar iyaye, 'ya'ya, 'yan'uwa, miji ko mata, ko wanda ya nuna hujjar doka. Kalifoniya kuma ta raba abin biyu. Dangi na kusa da lauyansu su ke samun cikakken kwafi, bayan sun sa hannu a kan rantsuwa cewa su ne. Kowa kuma na iya samun kwafi na biyu mai bayanan, amma an buga masa rubutu a fuska cewa na sanarwa ne kawai, ba a tabbatar da ko mutum wane ne da shi. Ni wannan na Kalifoniya ya fi kwanta min. Mai bincike ya samu, ɗan damfara bai samu abin da yake so ba. Abin lura kuma, ko a jihohin da suka fi tsanani, 'ya na cikin masu iko. Ba inda na san an ce sai ɗan fari.

Sarkin_Gardama:
A buɗe rajista ga kowa a ƙasar nan? Ku ji tsoron Allah. Mutumin da zai iya zuwa ya karɓi layin wayar mamaci ya kwashe masa asusu, shi za ku miƙa wa cikakken suna da ranar haihuwa da sunan uwa? Sunan uwa fa shi ne abin da banki ke tambaya in ka manta lambar sirri. Ingila suna da hanyoyi goma na gane mutum, mu da yawa takarda ɗaya ce tak. Ni a rufe, a ƙara rufewa.

Bahaushiya_a_Leeds:
Yaya Sarki, rufewar ta hana jabu? Duk inda ba a iya zuwa a duba rajista cikin sauƙi, nan mai buga jabu ke cin kasuwa, don ba wanda zai gwada tasa da ta asali.

Barista_Ƙarami:
Ku biyun kowa na da abin kamawa a doka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta buɗe takardun gwamnati, amma ta ware bayanan da suka shafi sirrin mutum. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Shi ya sa baƙo da ba shi da alaƙa zai sha tambaya. Ummu_Hanifa dai ba baƙuwa ba ce.

Maman_Twins:
Don Allah tunda ana kan magana, ni ma a taimaka min. Mun rabu da uban 'ya'yana, yaran suna hannuna, takardun haihuwarsu suna hannunsa. Makaranta na nema. Zan iya karɓo wasu ba tare da shi ba?

Tsohon_Akawu:
Sunanki na jikin rajistar a matsayin uwa, saki bai goge shi ba. Ki je cibiyar da aka yi musu rajista, sau da yawa tana cikin asibitin da kika haihu ko sakatariyar ƙaramar hukuma, da katin shaidarki da katin rigakafin yaran in yana nan. Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki bari wani ya ce miki a yi musu sabuwar rajista kawai ya fi sauƙi. Yaro ɗaya rajista biyu, wata rana ranar haihuwa biyu, sai ya zo yin NIN ko fasfo ko jarrabawa abin ya tashi. Na ga saurayin da aka tsayar da maganar karatunsa don a takarda ɗaya Maris aka rubuta, a ɗayar Mayu.

Ɗan_Fagge:
Baba Akawu ai mu 'yan ƙwallo ranar haihuwa uku ma muke da ita, kowacce da aikinta 😂

Malam_Na_Zariya:
Ana dariya amma gaskiya ce mai ɗaci. Binciken MICS na 2021, wanda ake yi gida-gida kan halin mata da yara, ya nuna kusan kashi 57 cikin 100 ne na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Rajistar mutuwa kuwa ta fi haka rauni nesa, musamman a wajenmu da ake sallah a binne a rana ɗaya, ba wanda ke tuna takarda sai banki ya tambaya. Mu da muka girma ma ba a ba mu irin takardar jarirai, sai dai ka yi rantsuwar shekaru a kotu, NPC ta ba ka takardar tabbatarwa. A ƙarshen 2023 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da tsarin rajista ta kwamfuta. In ya zauna da gindinsa, neman kwafi zai daina zama aikin tonon littafi.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan a ma'aikatar magajin gari ake yi. An ba da kwana 60 a kai labarin haihuwa. In ya wuce, sai an bi ta wurin alƙali ya yi hukunci, shi ya sa wani lokaci alƙalai ke fita ƙauyuka ana yi wa yara takardu da yawa a zama ɗaya, musamman 'yan lakkal da jarrabawa ta matso. Abin da na ga ya bambanta mu da ku shi ne mu mun saba da komawa a ciro kwafi, a manna tambur, a buga hatimi, duk lokacin da aka buƙata. Ba ma ɗaukar ta farkon kamar in ta tafi shi ke nan. A Faransa ma da muka gaji tsarin daga wurinsu, cikakken kwafin haihuwa da na aure sai mai shi ko iyayensa ko 'ya'yansa ko abokin aurensa, amma na mutuwa kowa na iya nema.

Hajiyar_Gwammaja:
Ni tsorona ɗaya a maganar yarinyar nan. In suka je aka ce mahaifiyarta ta kawo shaidar aure fa? Mu dai a zaure aka ɗaura mana, aka raba goro da alawa, aka watse. Wace takarda?

Barista_Ƙarami:
Hajiya auren nan ingantacce ne a dokar ƙasa ko babu takarda. Waliyyi, shaidu, sadaki, su ne hujja. In wata ma'aikata ta dage sai rubutu, ana yin rantsuwa a kotu, ko a nemi kotun shari'a ta tabbatar da auren ta bakin shaidu. Auren rajista irin na Ikoyi ko Abuja wani abu ne daban, na mace ɗaya ne, shi ya sa mai mata biyu ba ya bin ta can. Shi wannan Dokar Aure ta ce magatakarda ya bari a duba littafin, ya kuma ba da kwafi mai hatimi in an biya. Tsarin mulkin 1999 ya sa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ya kuma ba NPC aikin haihuwa da mutuwa, don haka kada ku yi mamaki in kun ga takardu iri biyu suna yawo.

Ummu_Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba tsohuwar wayata, ashe ranar na ɗauki hoton takardar, lambar ta fito sosai. Na kuma yi wa Baffa magana kamar yadda Abu_Sadiq ya ce. Ya ce in ba shi mako ɗaya. Abin da ban sani ba shi ne ko Yaya ya riga ya nemi takardar Babbar Kotun da Mai_Lissafi ya ambata.

Mai_Lissafi:
Wannan kina iya zuwa sashen gado na Babbar Kotu ki tambaya da sunan mamacin. A ƙa'ida ana buga sanarwa kafin a bayar, don mai ƙorafi ya fito. In kin tarar an nema ba da saninku ba, akwai hanyar shigar da ƙorafi a dakatar, Barista ya fi ni sanin yadda ake yi.

Sarkin_Gardama:
Ni har yanzu ba a amsa min ba. In 'ya na da iko, mata na da iko, to ƙanin mamaci fa? Wanda ke binsa bashi fa? Matar da ya saka ta gama idda, amma tana riƙe da 'ya'yansa ƙanana fa? A ina aka ja layin, kuma wa ya ja shi, doka ko wanda ka tarar a kujera ranar?

Zee_Kaduna:
Ta ƙarshen dai ai don 'ya'yan za ta nema, ba don kanta ba. Mai bin bashi kuma ya je kotu, kotu ta nema masa.

Tsohon_Akawu:
Ƙanin mamaci na sha ba shi, na kuma taɓa hana shi. Wanda na hana ya kasa faɗa min sunan matar yayan nasa.

Maman_Twins:
Baba Akawu, katin rigakafin ɗaya ne ya rage a hannuna, na Hassan. Zai wadatar a nemo na Husaini da shi, tunda rana ɗaya aka yi musu?